Canjin Kuɗi Da Cinikin Waya: Wa Ya Ci Ribar Wahalar 2023?

LEGAS — Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 da sassafe, lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai daga Arewa, zai ga wani abu da babu shi shekaru goma da suka wuce. A gaban rumfuna da yawa akwai guntun kwali da aka rubuta lambar asusun ajiya a jiki, kuma ɗan dako ba ya ɗaga kaya sai mai su ya duba wayarsa ya tabbatar alat ya shigo. Haka abin yake a kasuwar shanu ta Oko-Oba da ke Agege, da Bodija ta Ibadan, da Shagamu inda ake ɗaure goro.

Manyan fatake ba su manta da yadda ake yi a da ba. Idan mutum ya sayar da tirelar shanu a Legas, ko dai ya ɗaura kuɗin a lalita, ko ya cusa su cikin huhun goro, ko ya damƙa su amana ga direban da ya yarda da shi, sannan a kama hanyar Ilori da Jebba da Mokwa, tafiyar da ta fi kilomita 1,000 kafin a isa Kano, ana tafe ana addu'ar kada a haɗu da 'yan fashi. A yau kuɗin kan riga mai su isa gida, domin kafin a wanke motar da ta kawo kayan sun shiga asusunsa.

Abin tambaya shi ne, wa ya kawo wannan sauyi, kuma wa ke cin moriyarsa?

Gwamnati ta daɗe tana neman hakan. Tun a watan Janairun 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ke gwamnan Babban Bankin Nijeriya, aka fara gwada shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Jihar Legas, aka faɗaɗa shi a shekarar 2013 zuwa Abuja da Kano da Ribas da Abiya da Anambara da Ogun. A 2014 aka ɓullo da lambar BVN ta tantance masu ajiya. An yi ta talla a rediyo da talabijin, amma ɗan kasuwa bai motsa ba. Yana da hujja: tsabar kuɗi ba ta neman wutar lantarki, ba ta neman Turanci, kuma ba a taɓa cewa ta maƙale a hanya ba.

Sai ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin na lokacin, Mista Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba a cikin bankuna ba, wato fiye da kashi 80 cikin 100. Dalilan da aka bayar sun haɗa da hana ɓoye kuɗi, da daƙile jabu, da toshe hanyar biyan kuɗin fansa ga masu satar mutane. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sababbin takardun ranar 23 ga Nuwamba, suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka kuma tsayar da 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki. Mako bakwai ke nan bai cika ba, a ƙasar da ƙananan hukumomi da dama ba su da reshen banki ko guda.

Idan dai ba a manta ba, wannan ba shi ne karon farko ba. A watan Afrilun 1984, lokacin yana shugaban mulkin soja, Janar Buhari ya canja launin takardun naira, aka rufe kan iyakoki, aka ba jama'a ƙasa da mako biyu su kai nasu banki. Fatake da dama da ke riƙe da naira a ƙetaren iyaka sun tashi a tutar babu. Bambancin dai shi ne, a 1984 an karɓi takarda an ba da takarda. A 2023 kuwa an karɓi takarda aka ce wa mutum ya je ya duba wayarsa.

Tun daga farko siyasa ta shiga cikin lamarin. Kwana biyu da sanarwar, Ministar Kuɗi, Hajiya Zainab Ahmed, ta shaida wa Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Zaɓen shugaban ƙasa na nan tafe ranar 25 ga Fabrairu, kuma masu goyon bayan shirin ba su ɓoye fatansu ba na cewa zai hana 'yan siyasa sayen ƙuri'a. Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa yaƙar shirin 'yan jam'iyyar da ke mulki ne. Ɗan takararta, Alhaji Bola Ahmed Tinubu, ya yi zargi a wurin gangaminsa na Abekuta cikin watan Janairu cewa ƙarancin naira da na man fetur shiri ne na yi wa zaɓen zagon ƙasa. Gwamnatocin jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu na jam'iyyar APC a lokacin, suka kai gwamnatin tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka bi sahu.

An ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 8 ga wata Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a dakata. Ranar 16 Shugaba Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, inda ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki zuwa 10 ga Afrilu. A wannan ranar Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya gaya wa mutanen Kaduna su ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi duka. Ɗan kasuwar da ke tsaye a rumfa da tsohuwar dubu a hannu bai san maganar wa zai kama ba, ta kotu, ko ta shugaba, ko ta gwamna. Mafi yawa sai suka ɗauki hanyar da ta fi sauƙin haɗari: suka ƙi karɓa.

Alƙaluman Babban Bankin sun nuna cewa kuɗin da ke yawo ya faɗo zuwa naira biliyan 982 a ƙarshen Fabrairu, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yadda yake watanni biyar kafin nan. Abin da wannan lissafi ke nufi a kasuwa ba ya bukatar dogon bayani ga mai sayar da kayan gwari. Tumatir ba ya jiran hukuncin kotu. Manomin da ya kawo kayansa bakin hanya a Kadawa ko Aliero ba shi da asusu, dole ya karya farashi ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Bafulatanin da ya kawo sa Maigatari ko Potiskum ya gwammace ya koma da abinsa ruga da ya karɓi saƙon waya da ba zai iya karantawa ba. Masu kiwon kaji sun tara ƙwai babu mai saye. Naira ta zama haja: a wurare da dama sai mutum ya biya 1,000 ko 2,000 kafin a ba shi 10,000 daga cikin kuɗinsa na kansa. Mutane suka riƙa kwana a layin na'urar ATM. An yi zanga-zanga a Ibadan da Abekuta da Benin da Warri, an ƙona bankuna a Shagamu, an kuma yi hasarar rayuka.

Ranar 3 ga Maris, bayan an gama zaɓe, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara. Sai da aka yi kwana goma kafin Babban Bankin ya bi umarnin. A watan Nuwamban 2023 kotun ta cire wa'adin baki ɗaya. Shi kuwa Mista Emefiele, an dakatar da shi a watan Yunin 2023, kuma a watan Mayun 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da shi gaban kotu kan yadda aka buga sababbin takardun, zargin da ya musanta.

To, amma a cikin waɗannan makonni na ƙunci an yi wani gwaji da babu wanda ya shirya shi. Miliyoyin mutane da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba, dole ta sa suka gwada, kuma gaba ɗaya a lokaci guda. Yawancin taransifa tsakanin banki da banki tana bi ne ta wata cibiya guda, wato kamfanin NIBSS, mallakar Babban Banki da sauran bankuna, wanda ya buɗe hanyar biyan kuɗi nan take a 2011. Saƙo kan tashi daga bankin mai saye, ya ratsa ta cibiyar, ya sauka bankin mai sayarwa. Idan na'urorin ɗaya daga cikin ukun suka gaza, sai a cire kuɗi a nan, ba su shiga can ba. Da cinkoso ya yi yawa, manhajojin manyan bankuna da dama suka riƙa sarewa. Mai saye na rantsuwa an cire masa kuɗi, mai sayarwa na rantsuwa bai ga komai ba, kowannensu kuma gaskiya yake faɗa.

A nan ne ƙananan kamfanonin da manyan bankuna ke yi wa kallon yara suka sami ƙofa. OPay, wanda ya fara aiki a 2018 da jarin 'yan Sin, da yawa sun fi saninsa da haya ta babur a Legas kafin gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan unguwanni a 2020. PalmPay ya zo a 2019 da goyon bayan Transsion, kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda su ne a aljihun talaka. Moniepoint kuwa, wanda Mista Tosin Eniolorunda da Mista Felix Ike suka kafa a 2015 da sunan TeamApt, ya soma ne da rubuta wa bankuna manhaja kafin ya shiga raba na'urorin POS ga masu shaguna. Ba su da manyan gine-gine. Abin da suke da shi shi ne, ana buɗe asusu cikin 'yan mintoci da lambar waya, kuma kuɗi na shiga kafin mai saye ya mai da wayarsa aljihu. Labari ya bazu daga rumfa zuwa rumfa, kuma a kasuwa shaidar maƙwabci ta fi tallar talabijin nauyi. Jimillar kuɗin da aka aika ta hanyar biyan nan take ta tashi daga naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023, ta haye tiriliyan 1,000 a 2024. A watan Oktoban 2024 Moniepoint ya sami sabon jari na dala miliyan 110, ciki har da na wani asusun kamfanin Google, abin da ya kai darajarsa dala biliyan ɗaya.

Abin da ya fi daukar hankali shi ne wanda bai ci riba ba. Shekara guda kafin canjin kuɗi, ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da eNaira, kuɗin lantarki na Babban Banki, irinsa na farko a Afirka. Idan akwai lokacin da ya kamata eNaira ta yi kasuwa, to lokacin da takarda ta ɓace ne. Ba ta yi ba. Wani nazari da Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. Dalili a fili yake. Ba ta yin wani abu da taransifa ba ta yi, kuma mutumin da Babban Banki ya hana shi kuɗinsa jiya, da wuya ya ɗauki sauran ya kai masa ajiya yau.

Haka nan tsabar kuɗi ba ta mutu ba. A ƙarshen Disamban 2024 kuɗin da ke yawo ya kai naira tiriliyan 5.44, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna wajen bankuna, kason da ya zarce wanda aka kafa hujja da shi a 2022. Adalci ne a ce wani ɓangare na wannan ƙari hauhawar farashi ce ta kawo shi, domin bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, abin da dubu ɗaya ke saye a da sai an haɗa biyu ko uku. Duk da haka darasin da jama'a suka ɗauka ya saɓa wa wanda aka so koya masu. Sun koyi tura kuɗi ta waya, sun kuma koyi cewa wanda ya kai duk abin hannunsa banki shi ne ya kwana da yunwa.

Tsakanin waɗannan biyu ne mai POS ya kafa lemarsa. A yau shi ne reshen banki na unguwa da na ƙauye. Yana bin gidajen mai da manyan shaguna ya sayi cinikinsu na tsabar kuɗi, ya tura masu ta waya, sannan ya sayar wa mai bukata da la'ada a kai. Kuɗin ke nan na zagawa ba tare da sun taka ƙofar banki ba, shi ya sa sau da yawa na'urar ATM ke zama fanko alhali mai lema a gefenta yana da damin kuɗi. Sana'ar ta ɗauke matasa masu ɗimbin yawa daga zaman banza, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ma'anarta ga falke ita ce, haɗarin hanya ya ragu, amma an sami sabon kuɗin shiga kasuwa. Dillalin da ya karɓi kuɗinsa ta waya a Agege, idan ya koma kasuwar ƙauye ranar cinta don sayen wasu dabbobin, dole ya nemi takarda, kuma takardar nan sayenta zai yi. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na baligan ƙasar nan ba su hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Daga can kuwa shanun da albasar ke fitowa.

Wani al'amarin kuma shi ne, duk inda kuɗi suka taru a hanya guda, nan hukuma ke kafa shinge. Akwai harajin naira 50 kan kowace taransifa ta naira 10,000 zuwa sama, wanda aka faɗaɗa shi ga masu hulɗa da sababbin kamfanonin a watan Disamban 2024. A watan Mayun 2024 Babban Bankin ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin 100 a matsayin harajin tsaron intanet. A ido kamar ba komai, amma ga mai tura naira miliyan 20 kuɗin shanu, naira 100,000 ke nan a tafi ɗaya. Kukan da aka yi ya sa gwamnati ta dakatar da shi cikin kwanaki. A watan Afrilun 2024 an hana OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda ɗaukar sababbin abokan hulɗa har zuwa watan Yuni, domin a tsaurara tantance masu buɗe asusu. An tilasta wa masu POS yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni, an ƙayyade abin da za su ba mutum ɗaya a rana zuwa naira 100,000, sannan a watan Maris na 2025 aka ƙara cajin cire kuɗi a na'urar bankin da ba na mutum ba. Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da hujja mai ƙarfi, tun da ana amfani da asusun bogi wajen damfara da karɓar kuɗin fansa, kuma 'yan kasuwa su ne farkon waɗanda alat na ƙarya ke cuta. Amma idan aka jera su, ɗan kasuwa na da dalilin zargin cewa an tura shi cikin wayar ne domin a fi ganin aljihunsa.

Rubutaccen cinikin nan dai takobi ne mai kaifi biyu. Mai shagon da bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, yanzu na'urarsa ta san abin da ya sayar kowace rana, kuma da wannan shaida kamfanonin ke ba da rancen jari ba tare da neman takardar fili ba. Ga waɗanda ke gudun kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus na da damar yin amfani da irin wannan shaida, idan sun sauko kasuwa kamar yadda masu na'urorin suka sauko. Ita kuma wannan shaida, ita ce jami'in haraji zai nema.

Sauran abin fargaba shi ne igiyar da duk wannan ciniki ke rataye a kanta. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da dama a Nijeriya suka kasa aiki yadda ya kamata na tsawon kwanaki. Wancan tsautsayi ne. Na watan Satumban 2021 kuwa umarni ne, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. A lokacin yawancin ciniki da takarda ake yi, shi ya sa aka iya jurewa. Idan aka maimaita irin wannan mataki yau, ba kira kaɗai zai tsaya ba.

Masu POS sun sami tasu dabarar game da yankewar sabis: kowa kan ajiye na'ura biyu ko uku na kamfanoni dabam-dabam, idan wannan ta ƙi ya jawo waccan. A watan Oktoban 2025 Babban Bankin, ƙarƙashin Mista Olayemi Cardoso, ya fitar da sababbin ƙa'idoji da suka ce kowane wakili kamfani ɗaya kaɗai zai yi wa aiki, ya kuma sa watan Afrilun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da wannan sharaɗi. Manufar ita ce a san wanda za a kama idan an yi ɓarna. Ga dillalin da ke tsaye a kara da la'asar ranar kasuwa, makiyayi na jiran kuɗinsa, direba na jiran lodi, abin da sharaɗin ke nufi shi ne idan na'urar mai lema ta ƙi, babu ta biyu a cikin jakarsa.